Hannuna Yana Rawa, Amma Nawa Ne

Kafanchan.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin sauka Kaduna lafiya, kin sami ɗakin da ƙawarki ta yi miki alkawari, kuma an karɓe ki hannu biyu a sabon wurin aikin. Allah ya tsare ki a gida da kan hanya, ya raba ki da mugun abokin aiki, ya ba ki farin jini wurin manyanki. Ni ina nan yadda kika bar ni. Ƙafa tana kama ni da safe, ta sake ni idan rana ta yi zafi.

Ki yi haƙuri da rubutun. Za ki ga layukan suna hawa suna gangara. Ban ba kowa ya rubuta mini ba.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Mun rabu a bakin ƙofa ba mu gama maganarmu ba, na kuma ga yadda kika hau bayan babur ba ki waiwayo ba. Kin tafi da fushi domin na ƙi sa hannu a takardar da za ta ba Dogara, ɗan ƙanena, ikon karɓo mini fansho a banki, na kuma ƙi shawarar manaja cewa in bar sa hannu in koma dangwala yatsa. Kin ce taurin kai ne. Kin ce yanzu da ba kya nan babu mai riƙe ni a matakalar banki, kuma idan suka sake ƙin sa hannuna a ƙarshen wata, da me zan sayi magani? Tambayarki tana kan hanya, zan kuma amsa ta kafin in rufe wasiƙar nan. Amma tunda ke ma yanzu ma'aikaciyar banki ce, za ki zauna a bayan kanta mutane irina su tsaya a gabanki, bari in fara gaya miki inda ni na yi kuskure. Abin da nake da shi da yawa ke nan da zan bar miki.

Ranar da aka fara ƙin sa hannuna kina wurin, amma ba ki san abin da ke cikin raina ba. Shekara da shekaru ina shiga bankin nan. A da Malam Garba ne a kanta. Fuskata yake fara dubawa kafin takarda, ya ce, "Hedimasta, yau ma an zo kwashe mu?" In ce, "Ɗan abin da kuka rage mini dai." Bayan rikicin da aka yi a garin nan ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya, aka kawo waɗanda ba su san ni ba, aka kuma ƙara dokoki domin 'yan damfara sun yi yawa. Ranar nan yarinyar da ke kanta ta ɗauko katin da na sa wa hannu tun ina da ƙarfina, ta ajiye shi kusa da takardar da na cika, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce, "Baba, bai yi daidai ba. Ka sake." Na sake. Ya fi na farko muni, domin hannun nan idan ana kallonsa ya fi rawa. Sai na ɗaga murya. Na ce na koyar da uban wanda ya ɗauke ta aiki. Na buga sandata a ƙasa. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ke kuma kika ja ni waje.

Ban kyauta ba. Ba ita ta sa hannuna rawa ba, ba ita ta kafa dokar ba. Don haka idan tsoho ya yi miki tsawa a kanta, ki sani tsoro yake ji. An gaya masa a gaban jama'a cewa shi ba shi ba ne. Ki ba shi kujera, ki kawar da idonki daga hannunsa yayin da yake rubutu, ki tambaye shi lafiyar gida. Amma kada ki biya shi don ya yi tsawa. Ɓarawo ma ya iya tsawa, ya ma fi mu iyawa.

Abin da na yi bayan wannan ya fi tsawar muni. Na buɗe akwatin ƙarfe na fito da tsofaffin takardun shaidar gama firamare da na sa wa hannu a zamanin da nake aiki, na zauna ƙarƙashin mangwaro ina kwaikwayon kaina. Na danne wuyan hannun dama da na hagu, ina bin lanƙwasar a hankali kamar ɗan aji ɗaya. Kin taɓa tarar da ni, na rufe da jarida. Da wata ya ƙare na je na zana musu abin da na haddace, yarinyar ta duba ta ce, "Yauwa Baba, yau ya yi." Aka biya ni. Na fito da kuɗin a aljihu ba tare da wani farin ciki ba, domin ban nuna musu ni ne ba, na nuna musu na iya kwaikwayo ne kawai. Watan da ya biyo baya kuwa hannun ya ƙi, aka sake mayar da ni, kika shiga kika yi ta roƙo kafin manaja ya ce a biya, amma wannan ne na ƙarshe. Ki riƙe wannan, 'yata: takarda ta dace da kati ba shi ne gaskiya ba. Ki duba katin, domin aikinki ne. Amma ki ɗaga kai ki dubi wanda ya kawo takardar.

Sai maganar Dogara. Kin ce ya canza, yanzu dattijon coci ne, har mabuɗin ɗakin ajiya a hannunsa yake. Na ji, ina kuma masa murna. Amma ki tuna shekarar da mamarki ta kwanta a asibiti, kina sakandare a lokacin. Ina tsakanin asibiti da gida, a banki kuwa sai ka karɓi tali, ɗan ƙarfen nan mai lamba, ka zauna tun hantsi har rana ta karkata kafin a kira ka. Na gaji. Na ce wane irin wuri ne zai riƙe wa mutum kuɗinsa matarsa tana kwance? Sai na yago takardun cire kuɗi da yawa, na sa musu hannu duka ban rubuta adadi ba, na haɗa da littafin ajiya da wasiƙa na ba Dogara. Da farko yana kawo daidai. Daga baya ya fara rubuta abin da ya fi wanda na faɗa, yana sayen taki don gonar cittarsa a Kagoma, da nufin zai mayar idan ya sayar. Citta ta faɗi a shekarar. Ba ni na tsayar da shi ba, ban ma sani ba. Malam Garba ne ya ce ba zai ƙara biya ba sai mai littafin ya zo da kansa, haka doka ta ce. Dogara ya zo asibiti ya ce mini banki sun hana. Na tashi a fusace, na zagi dokar nan tun daga bakin asibiti har ƙofar banki. Malam Garba ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Hedimasta, wancan makon nawa ka aiko a karɓa?" Na faɗa. Sai ya nuna mini abin da Dogara ya rubuta, ya fi wanda na faɗa. Da ya ci gaba da biya, da kuɗin maganin mamarki ya ƙare a kunyar citta.

Ban kai Dogara ƙara ba, ban kai maganar wurin fasto ba. Laifin nawa ne tun farko. Na miƙa wa yaro mai bukata takarda babu komai a samanta, da sunana a ƙasa. Kada ki taɓa yin haka, ko wa ya roƙe ki, ko manajanki ne, ko ni ne. Kada ki bar wa abokiyar aiki mabuɗin aljihun teburinki don za ki fita cin abinci. Ba wai mutane miyagu ne ba. Bukata tana zuwa wa kowa, bai kuma kamata ki ajiye wa mutumin kirki gwaji a gabansa ki juya baya ba. Na ƙi ba Dogara ikon nan ne domin ina so mu ci gaba da gaisawa a ƙofar coci, yana kallon idona ina kallon nasa.

Game da yatsa kuma, a nan ne na fi jin kunya. Mamarki ba ta shiga aji ba. Ranar aurenmu da aka kawo littafin aure, na zana sunana da lanƙwasa da jela yadda Baturen mishan ya koya mana, ita kuma ta dangwala. Malaman da suka zo mini biki suka yi murmushi, ni ma na taya su. Daga baya na zaunar da ita da allo ina koya mata rubuta sunanta, ba don ta amfana ba, don kada ta ba ni kunya. Ta koya, ta iya sarai. Amma a ƙungiyarsu ta mata masu sayar da citta, har ta bar duniya dangwalawa take yi. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, rubutun kai ka ba ni. Yatsan kuwa da shi na zo." Babu wanda ya taɓa cin mata ko kwabo. Ni mai jela a suna, ni aka ci. Idan mace ta zo miki daga ƙauye da zane ɗaya da goyo ta miƙa yatsa, kada ki riƙe shi da ƙarshen farce kamar abin ƙazanta. Ki ba ta tsumma mai tsabta ta goge tawadar.

Za ki ce, to Baba, tunda ka gane haka, me ya hana ka dangwalawa? Malam Buba ma, Bafulatanin nan da muke zama benci ɗaya a banki, haka yake tsokanata. Ya ce, "Hedimasta, zo mu dangwala tare, tawadar ba ta cizo." Ba raini ba ne yanzu. Shi da yatsansa ya shigo, babu wanda ya karɓe masa komai. Ni alƙalamin ake so a zare daga hannuna don layi ya yi sauri. Tsawon rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane riƙe alƙalami. Ido ya rage, haƙora sun tafi, mamarki ta tafi, ke ma kin tafi, kuma daidai ne ki tafi. Sunana dai har yanzu ina iya rubuta shi, ko da zai ɗauke ni lokacin da wani zai cika shafi. Ba zan ajiye shi ba.

Kin gaya mini a bankinku komai a kwamfuta yake, rassan suna haɗe da juna, mutum ya ajiye a Legas ya karɓa a Kaduna, kuma nan gaba za a ba kowa lambar sirri, na'ura ba ruwanta da rawar hannu. Kin faɗa ne don ki kwantar mini da hankali, ni kuwa na yi ta juya maganar. Lamba ba ta rawa, gaskiya ne. Amma tsoho zai manta ta. Sai ya rubuta a bayan littafin waƙoƙin coci, ko ya gaya wa jikansa. Ranar da jikan ya zo da ita, na'urar za ta biya shi nan take, ba tambaya. Ranar da mai kuɗin ya zo da kansa ya manta, za ta rufe masa ƙofa. Daga nan sai ku ƙara wata lamba a kan ta farko, ku ƙara tambaya, ku ƙara takarda. Kowane ƙari yana wahalar da ɓarawo, ban musa ba. Amma ɓarawo sau ɗaya yake zuwa, mu kuwa kowane wata. Ban ce a cire tsaron ba, domin na ga ranar da dokar da na zaga ta cece ni. Ina so dai ki riƙa sanin wanda yake biyan kuɗin tsaron nan da ƙafarsa da yininsa. Idan wata rana manyanku suka tambayi ra'ayinki, ki ce a bar ƙofa ɗaya inda mutum zai zo ya tsaya gaban mutum.

Yanzu ga amsar tambayarki.

Ranar Litinin na sa kwat ɗina, na tare ɗan acaba na ce ya tafi a hankali, tsohon kaya ya ɗauko. Matakalar banki na hau ta da sanda a hannu ɗaya, bango a ɗayan. Na ce manaja nake son gani. Aka ce yana mitin. Na ce ni ma ba ni da inda zan je. Na zauna har mitin ɗin ya gaji ya ƙare.

Manajan yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera. Ya ce, "Baba, mun riga mun yi magana da 'yarka. Hanya biyu ne. Ko yatsa, ko ka ba wani iko."

Na ce, "Akwai ta uku. Ku ɗauko sabon kati in sa muku hannun da nake da shi yau."

Ya ce, "Baba, matsalar ita ce hannunka na yau ba zai zama na gobe ba. Da me za mu gwada?"

Sai ya aika a kira akanta ya zo da katina. Wani mutum ya shigo, mai ƙiba da sanƙo, wanda aka kawo reshen nan kwanan baya. Yana ganina ya rusuna har ƙasa.

"Sa! Ba ka gane ni ba? Ishaya ne. Firamaren Fadan Kaje."

Na ƙura masa ido, na ce, "Kai ne mai satar gwaibar gidan fasto."

"Ni ne, Sa. Na tuba tun tuni."

Ya ajiye katin a tebur, ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa. Manaja ya ce mene ne. Ya ce, "Oga, wannan sa hannun ai duk wanda ya yi makarantar Baba ya iya shi. Idan rifot ɗin jarrabawa ya cika jan biro, sai mu nemo sabon kati mu cika da kanmu, mu sa hannun hedimasta, mu kai gida."

Na ce, "Ƙarya kake yi."

Ya ce, "Sa, in gwada?"

Na ce ya gwada. Ya ɗauki biro, bai ko kalli katin ba, ya zana sunana da jan hannu ɗaya, da lanƙwasar, da jelar, har da ɗigon da nake sawa a ƙarshe. Rifkatu, rabon da in ga sa hannuna da kyau haka tun mamarki tana da rai. Manaja ya haɗa shi da katin, ya ga babu bambanci.

Da farko sandata na nema. Ashe duk iyayen da suka riƙa tare ni a kasuwa suna gode mini yaransu sun ci jarrabawa, wasunsu ba ni suke gode wa ba. Amma sai na ga abin da ke gabana. Na ce, "Manaja, ka gani da idonka. Katin da kuke tsaron kuɗina da shi, rabin mutanen Fadan Kaje sun iya shi. Ni kaɗai ne ban iya ba. To ga yadda za a yi. Duk wanda ya kawo muku sunana a miƙe sumul, ku rufe ƙofa ku kira 'yan sanda. Wanda ya zo hannunsa yana rawa, ya ɓata muku lokaci, ya ɓata muku takarda, ni ne. Ku biya shi."

Ishaya ya riƙe ciki. Manaja ya yi dariya shi ma, amma bai daɗe ba. Ya ce zai iya soke tsohon katin ya buɗe sabo, da sabon hoto, amma da sharaɗi. Kowane wata sai na zo da kaina na sa hannu a gabansa ko a gaban Ishaya. Ba za su karɓi wasiƙa daga gare ni ba, ba za su biya kowa a madadina ba, ko ina kwance a asibiti. Idan kuma daga baya ana so a canza, sai an kawo takardar likita, an aika babban ofishinsu, a jira amsa, abin da ba ya zuwa da wuri.

Ya ce, "Baba, ka yi tunani. Idan ka kwanta fa?"

Na ce, "Idan na kwanta, na kwanta."

"Ka san kana ɗaure kanka."

Na ce, "Na sani. Ni na ɗaure, ba wani ba. Kawo katin."

Na sa hannu a gabansu. Ya ɗauki lokaci, babu wanda ya ce in yi sauri. Ishaya ya rako ni har bakin titi ya tare mini babur, na gaya masa bulalar rifot ɗinsa tana nan tana jiransa.

Na san abin da za ki ce idan kin karanta wannan, kuma ba za ki yi ƙarya ba. Idan damina ta kama mini ƙafa a ƙarshen wata, babu magani sai na tashi. Na auna wannan kafin in sa hannu. Kada ki rubuta wa manaja a bayan idona. Kada ki turo Dogara ya lallashe ni. Ban da Lahadi, ranar banki ce kaɗai nake sa kwat in fita, a kira sunana da ƙarfi, a jira in amsa. Idan aka karɓe mini ita don a sauƙaƙa mini, sai in zauna ƙarƙashin mangwaro ina jiran wani ya kawo mini kuɗina a ambulan kamar sadaka. Ban kai nan ba tukuna.

Ranar da yatsun nan suka kasa riƙe alƙalami gaba ɗaya, zan aiko miki, ba zan ɓoye ba. Ki nemi izini a wurin aiki ki zo. Ki kai ni, ki kama babban yatsana da hannunki ki sa shi a tawada. Ba zan yi gardama ba. Amma ke za ki riƙe shi, kuma ba yau ba.

Ki nemi coci kusa da ke tun makon nan, kada ki ce sai kin zauna da gindinki. Ki ci abinci kafin ki fita aiki. Ubangiji ya tsare hannunki daga kuɗin da ba naki ba, ya tsare bakinki daga raina wanda ya tsaya a gabanki, ya kiyaye ki daga haɗarin mota da sharrin dare da na rana. Ya dawo mini da ke lafiya a lokacin Kirsimeti. Amin.

Ni ne babanki,
Bitrus